Hudar Tagar Umma

Dumyat, ranar Talata.

Zuwa ga ƙanena Sabri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Afaf da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa zafin Kuwait bai dafa ku ba. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafafun Umma dai suna nan yadda ka bar su, ba ta sauka daga gado sai an ɗauke ta.

Yanzu ka gyara zama ka ji, don raina a ɓace yake. Ranar da na je karɓo maganinta ka turo Usta Ragab kafinta, ya cire tagar katakon ɗakinta, ya toshe wurin da bulo, ya kafa na'urar sanyi. Na dawo na tarar da shi yana washe baki, wai ka ce kada a gaya mini don na fiye gardama, wai kuma ai tagar ta huje. Sabri, wannan hudar Baba ne ya yi ta da hannunsa, kai kana rarrafe.

Ka manta sana'ar da ta ciyar da kai? Har ya rasu Baba yana ƙofar kotu da akwatin hotonsa na katako, kansa cikin baƙin ƙyalle. Yakan ce akwatin nan ɗakin Umma ne aka ƙanƙance. A rufe ko'ina ya yi duhu, a bar huda ɗaya kamar ƙwayar wake. Haske ba ya lanƙwasa, don haka wanda ya taso daga kan mai wucewa sai ya sauka a ƙasan bango, na ƙafarsa ya hau sama. Ya ce mutanen zamanin da sun daɗe suna bin wannan inuwa da alƙalami suna zanawa, kafin a samo takardar da ke riƙe ta, daga nan aka samu hoto.

Tun da ta kwanta, bangon da ke kallon hudar tagar shi ne titinta. Da hantsi sai ta ce in ja taga, ta ga mai wake yana tura kekensa a kife, ta ga maƙwabciyarmu Sitt Ni'mat da kwando, ta ce yau ma kifi za su ci. Ta riga ni sanin matar mai burodi na da ciki. Yanzu bango fari fat, ita kuma tana cikin bargo biyu a tsakiyar watan Agusta. Ta rage cin abinci, wuni take tana barci.

Na ɗauko guduma, ta hana ni. Ta ce kyautar ɗanta ce, da guminsa ya saya a ƙasar mutane, ba mai taɓawa sai da bakinsa. Ta roƙe ni kada in faɗa maka, ga shi na faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa yaushe rabonka da kwana a gidan nan? Tagar tana shagon Usta Ragab, ya ce Juma'a na wucewa zai farfasa ta. Ka kira Umma, ka ce mata da bakinka a cire na'urar a mayar da tagar, kada ka ce ni na sa ka.

Ka gaida Afaf da Wa'il da Sawsan. Kawu Hamdi yana gaishe ka. Umma ma ta ce in gaishe ka, in ce maka na'urar tana da sanyi sosai, Allah ya yi maka albarka.

Yayarka,
Tahiyya