Jirgin da Auta Zai Tuƙa

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina rubuto maka ne daga gidanmu na Tudun Wada a kan maganar Auta.

Ya gama koyon tuƙin jirgin sama. Jirgin da aka ba shi tsoho ne mai inji biyu, irin wanda ka tashi da shi ranar da ba ka dawo ba.

Ka tuna lokacin bazara, yadda kake shigowa rigarka tana warin mai, ka zauna a tabarma? Kakan ce, "Hajara, injin hagu yana ɗaukar zafi, iska ba ta isarsa." Ni kuwa sai in miƙo maka ruwan randa.

Da Auta ya gaya mini irin jirgin da zai tuƙa, na ce ban yarda ba. Bai yi musu ba, amma yaron nan ya rame. Ana haka sai ga Mista Okoro, tsohon bakanikenku da ke zaune a Hanwa, ya dogaro sandarsa har zaure. Ya ce, "Hajiya, zo ki gani da idonki."

Na bi shi filin jirgi, Malam. Ya nuna mini bakin da iska ke shiga injin jirgin Auta, an faɗaɗa shi. A ciki an jera sababbin farantan ƙarfe da roba masu tilasta wa iska bi ta kan injin maimakon ta zurare ta gefe. Ya ce bayan rasuwarka aka yi wa sauran jiragen wannan gyara. Daga nan ya kau da kai.

Na sa hannuna a ciki. Ƙarfe ne kawai da 'yar roba. Na san ajali ne, amma na daɗe a tsaye a wurin.

Na dawo gida na sa wa Auta albarka. Jiya da hantsi ina shanya a tsakar gida, jirginsa ya bi ta saman unguwar Gyallesu. Na saki zanen, na kasa kunne. Injinan biyu suna tafiya da murya ɗaya. Da ya sauka ya kira ni, wallahi sallamarsa irin taka ce.

Allah ya haskaka makwancinka, ya tsare mana shi sama da ƙasa, ya haɗa mu a Aljanna.

Matarka har gobe,
Hajara