Murhun da Ya Ƙi Tukwanenta

Litinin, 3 ga Maris

A rubuta a tarihi don na baya su sani: yau da ƙarfe goma na safe, ni da na shekara ashirin ina tafinta a kotunan ƙasar mutane, na kasa dafa ruwan shayi a gidana. Sabon murhun, wani faifan gilashi baƙi wuluk, ya ƙi tukunya. Na ɗora, ya yi "tit-tit", ya mutu. Wai sai wadda maganaɗisu ke kamawa. Tukwanen marigayiya matata kuwa na alminiyam ne, da su ta hau jirgi ta biyo ni nan.

Wata biyu na yi a ɗakin aboki kafin a gama gyaran gidan. 'Yata, Auta, ita ta tsaya a kai, ita ta zaɓi komai. Ni dai makulli aka miƙo mini.

Alhamis, 6 ga Maris

Bango fari, kabad fari, daɓe fari. Kamar an kwantar da ni a asibiti ba a gaya mini ciwona ba. Fitilar bakin ƙofa tana kunna kanta in na shigo. Ita kaɗai ke mini sannu da zuwa.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta kawo sababbin tukwane a kwali. A bakin ƙofa ta tsaya da takalminta, yadda ta saba tun rasuwar. Wata goma sha huɗu ke nan ba ta ci ko loma ɗaya a gidan nan ba. "Baba, sauri nake yi." Na ce, "Kin share uwarki daga gidan nan tas, har kin fi mai fenti iya aiki." Da sigar wasa na faɗa. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwalin, ta sauka.

Ita kaɗai gare ni a ƙasar nan. Sai da na ji an rufe ƙofar ƙasan bene na tuna.

Talata, 11 ga Maris

Ba ta ɗaga waya. Kwalin na nan yadda ta ajiye shi. Burodi da ruwan famfo.

Juma'a, 14 ga Maris

Mai tayil, wanda ya shimfiɗa sabon daɓen, ya dawo gyara wani gefe da ya ɗago. Dattijo ne, bakinsa ba ya hutawa. "Maigida, 'yarka ta ba mu aiki! Kullum tana nan, amma daga falo take ba da umarni, ba ta taka kicin." Wai cewa ta yi ko ba a taɓa komai ba, a fasa daɓen kicin. Ranar da suka kwashe na gaban wurin wanke-wanke, ta zauna kan buhun siminti tana kuka, har suka fita suka ba ta wuri. Ya tambaye ni me ke wurin. Na ce ya sha ruwa.

Nan Auta ta tarar da uwarta kwance, rai ya yi halinsa. Ni ina kotu, ina fassara rigimar wasu maƙwabta a kan shinge. Kafin in iso an ɗauke ta. Ni ban taɓa ganin daɓen nan da ita a kai ba. Auta ta gani. Shekara guda ina kiranta ta zo ta ci abinci a wurin, ina jin haushi in ta ƙi.

Duk littattafan da na karanta, sai mai tayil ne ya fassara mini 'yata.

Lahadi, 16 ga Maris

Na tura mata saƙo: "Murhunki ya fi ƙarfin tsoho. Zo ki raba mu." Da la'asar ta zo. Ta cire takalmi. Ta daɗe tsaye a ƙofar kicin, ni kuma na duƙufa kan takardar bayanin murhu kamar mai shirin jarrabawa. Ta shiga.

Ƙwai ta soya, albasar ta ƙone. "Baba, ina gishiri?" Ban sani ba, ita ma ta manta inda ta sa aka ajiye. Haka muka ci shi lami, a tsaye.

Na ɗauka don a fitar da wata aka yi gyaran nan. Ashe don wata ta iya shigowa ne. Ni ne da kuskure. Ban gaya mata ba tukuna.