Turaren Inna a cikin kwalbata

Daren Alhamis, ƙarfe tara da rabi, ɗakina a unguwar New Bell, Douala. Ruwa bai tsaya ba.

Na dawo daga labo, ɗakin bincikenmu, da kwalbar gwaji a aljihun rigar aiki, na manta ban fitar ba. Farin gari ne a ciki, polima mai ƙananan ramuka da na haɗa don kama iskar kabon. Da yamma Inna ta kife kwando a kan kaskon turare, ta shimfiɗa kayan Juma'a, har da rigar. Murfin kwalbar bai rufu sosai ba. Yanzu garin ya yi ruwan ƙasa, sai ƙamshi yake.

"Inna, kin san abin da ke aljihun nan?"

"Ke, haka za ki shiga mutane kina warin asibiti? Ai garin naki ya fi atamfa riƙe ƙamshi. Sam min in sa a akwati."

Na yi dariya. Ranar Litinin Madam, shugabar labo, za ta auna shi, sakamakon ne zai sa ta riƙe ni a labo ko ta sallame ni. Gobe zan faɗa mata kafin na'ura ta faɗa. Amma tunda ya sha hayaki haka, ramukan a buɗe suke. Na san ƙamshi ba kabon ba ne.

Abin da ban sani ba:

Ko zafin tandar labo zai fitar da turaren ba tare da ramukan sun rushe ba.

Nawa ne hayaki a ciki, nawa ne danshin Douala.

Yadda zan ce wa Inna ta daina turara min rigar, ba ta ji na raina ta ba.