Wa'adin Shiru

Litinin, 4 ga Yuni

Kwana arba'in da ɗaya da binne abokin aikina Aníbal, kwamfutar teburinsa tana nan ja wur a allon bango. Sauran na'urori sittin da huɗun da ke yi mana lissafin hasashen yanayi duk kore ne. Ita kaɗai aka rubuta wa "shiru". Ni na kashe ta da hannuna, amma duk safiya ita nake fara kallo kafin in cire rigar sanyi.

Talata, 5 ga Yuni

Zulma, shugabarmu, ta tambayi sabon tsarin saƙo. Na ce saura kaɗan. Ƙarya nake, ya kammala tun makon jiya, shafi uku.

Saƙo iri biyu kowace na'ura ke aikawa. Ƙarami, lamba kawai, zafi ko nauyin aiki. Sai babba, wanda take gabatar da kanta da shi idan ta tashi: sunanta, ma'auninta, da wa'adin shirun da za a ɗaga mata kafin a share ta daga allo. Aníbal ya sa wa tasa sifiri. A tsarinsa, sifiri na nufin kar a share har abada. A nawa babu sifiri, awa ɗaya ce iyaka.

Abin da nake gudu: kafin sabon tsarin ya fara aiki, sai an sake tayar da manhajar da ke tattara saƙonnin. Tana tashi ta manta kowa, ta yi kiran suna. Wadda ba ta amsa ba, shi ke nan.

Alhamis, 7 ga Yuni

Rigimarmu ta ƙarshe ta hana ni sakat. Yana zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a nan, na ce, "Tsoho, na'urar da ta mutu a binne ta mana, allo ba maƙabarta ba ne." Ya miƙo min ƙoƙon, ya ce, "Yarinya, shiru daban, mutuwa daban." Na yi dariya, na ce tsufa ne ke damunsa. Ya rungumi filas ɗinsa ya fita. Bayan kwana uku zuciyarsa ta tsaya a cikin bas.

Bakina ba shi da linzami, na sani.

Litinin, 11 ga Yuni

Na'ura ta sha bakwai ta mutu tun Juma'a, ba wanda ya lura. Ido ya saba da ja. Gargaɗin iska ya fita a makare, masunta sun riga sun shiga ruwa. Sun dawo duka, amma da ƙyar.

Zulma ta rufe ƙofa ta ce, "Nelbia, ni ma na yi kukansa. Ran Juma'a ki sake tayar da manhajar, ko in tayar da kaina."

Laraba, 13 ga Yuni

Na kai wa Doña Irma, matar Aníbal, kwalin kayansa. Ana ruwa, ta soya min fanken da ake yi a nan duk ranar ruwa. A jikin firij akwai hoton wani saurayi mai yalwar suma. Ƙanen Aníbal ne, Elbio. An ɗauke shi a 1976, zamanin mulkin soja, ba gawa, ba takarda.

"Shekara talatin da shida bai yarda an cire sunan daga akwatin wasiƙun gidan mahaifiyarsu ba," in ji ta. "Bai taɓa faɗa miki ba, 'yata? Haka yake, ciki kamar rijiya."

Shekara tara muna shan ƙoƙo ɗaya. Ni kuma na buɗe baki na ce masa maƙabarta. Kunya ta kama ni.

Alhamis, 14 ga Yuni

Na buɗe shafi na biyu na sabon tsarin, na rufe. Na sake buɗewa.

Juma'a, 15 ga Yuni

Ƙarfe goma na safe na tayar da manhajar. Allo ya yi fari fat, sannan suka fara amsawa ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye ina ƙirgawa da leɓe. Sittin da huɗu. Na ƙara minti biyar a tsaye. Me nake jira? Oho.

Talata, 19 ga Yuni

Allo kore shar. Zulma ta zo da takardar tsarin, yatsanta a layi na sha biyu. "Ke da kika ce babu sifiri, wannan fa?" Ta karanta da ƙarfi: wa'adi sifiri, ba a sharewa, a mayar da ita gefe, launin toka ba ja ba, a rubuta "ba labari".

Na ce don tsofaffin na'urori ne. Ta dube ni ta saman tabarau, ta sa hannu.

Ba mu da tsofaffin na'urori.