Gidan da Babu Ɗakin Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Birisban. Yaya ƙasarmu Samowa, yaya gwiwar taki? Ki gaishe mini da Kawu Pelesa da mutanen coci. Mu duk lafiya lau.

Inna, mun samu gida, amma ba wanda na yi miki alkawari ba. A nan makarantar gwamnati ba ta karɓar yaro sai gidansu na cikin iyakar da aka shata mata. Gidan nan mai ɗaki uku, inda na ce za ki shuka gwaza, titi ɗaya ne ya fitar da shi daga iyakar makarantar kirki. Wanda muka kama a cikin iyakar ɗaki biyu ne a bene, kuma mai gidan ya rubuta mutum uku kawai.

Mijina Tavita ya ce, "Haba Tausala, tsohuwa fa ta riga ta ɗaure kayanta." Na ce masa karatun 'yarmu Sinalei ba zai jira ba. Ni na sa hannu, Inna, kada ki ga laifin mijina.

Unguwar shiru, ranar Lahadi mu kaɗai muke cin abinci, amma ana sabawa. Jikarki har ta fara haɗa baƙi. Ki sa mata albarka.

Jiya ta kwashe kayan wasanta, ta share rabin ɗakinta, ta ce, "Nan Kaka za ta shimfiɗa tabarma." Na kasa gaya mata. Ke na fara gaya wa, don ke kin saba yafe mini.

'Yarki,
Tausala