Waƙar Kawuna Ta Hana Ni Barci

Malam, ka taimake ni, na gaji. Ni ke shirya filin waƙoƙin gargajiya a wani gidan rediyo a nan Kano. Kawuna Baballe, mai kukuma a Tarauni, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya sa ni makaranta. Watan jiya na ɗauki waƙarsa don in faranta masa. Da na saurara sai na ji zambo ne a kan wani mai farin jaki da jar hula, wai ya cinye gadon marayu. Duk Tarauni mutum ɗaya ke da wannan jaki. Shugabanmu ya ce doka ta hana ɓata suna, in na saka za a kai mu kotu, ni ma aikina ya tafi. Kawu kuwa ya kafe cewa bai ambaci sunan kowa ba. Ya riga ya shaida wa gari za a ji shi, duk Juma'a abokansa na taruwa gindin akwatin rediyo, su tashi ba komai. Yanzu in na taka keke daga Gyadi-Gyadi na je gaishe shi, ko amsawa ba ya yi. Ya ce wa matata boko ya sa ina jin kunyar a ce shi kawuna ne. Wallahi wannan magana ta yi mini ciwo.

Gajiyayye, Gyadi-Gyadi.

Gajiyayye, sannu. Shugabanku na da gaskiya. In masu sauraro sun gane wanda ake nufi, rashin kiran suna ba ya wanke kowa, kuma wanda ya watsa yana da laifi kamar wanda ya rera. Kada ka saka.

Amma kawunka ba mugunta ce ta sa shi fushi ba, kunya ce. A dandali ya saba, inda zambo ke watsewa tare da taro, bai san rediyo na shiga kowane zaure ba. Kai ma ka yi sake, ka bar dattijo yana jira ba bayani. Ka sami wani sa'ansa ya raka ka, ka durƙusa ka gaya masa cewa in sammaci ya zo, shi ma za a tsayar da shi gaban alƙali, kuma ba za ka iya ganin haka ba. Sannan ka ɗauki wata waƙar tasa, ta noma ko ta biki, ka sa masa rana, ka cika.

In ya ci gaba da fushi, ka ci gaba da zuwa gaisuwa. Wanda ya riƙe ka ya fi ƙarfin ka gaji da shi. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya tsare maka aikinka.