Zoben Ciyawar Fadama

Zuwa ga Uwar yara,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da Auta. Ban saba rubuto miki ba, kuma ba zan cika ki da surutu ba.

Babban firizan ɗakin gwajinmu ya mutu lokacin hutu. Masu gadi sun ji yana kuka, suka ɗauka haka nan yake yi. Da muka dawo muka buɗe, wari ne ya fara yi mana maraba. Duk bakteriyar da na tara tsawon aikina ta narke ta ruɓe, har da wadda ke ɗauke da ƙwayar gadon da ke sa ciyawar nan jure gishiri. Kin san an cike fadamar da muka samo ciyawar, an yi rumfunan kasuwa a kai, ko ganye ɗaya babu.

Na tuna lokacin da kika tattara komatsanki kika koma kamfanin nan naku na yin sinadarin sabulu, kin tafi da bututu ɗaya na wannan bakteriyar. Ban yi magana ba a lokacin, don ba na jayayya a kan ƙananan abubuwa. Ki sa shi a ƙanƙara ki aiko. Ba na jin kina da abin yi da shi a inda kike.

Ki gaida yara.
Farfesa

*

Zuwa ga Baban yara,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Auta ta warke daga zazzaɓin da ba ka san ta yi ba.

Da na ga rubutunka a bayan ambulan na ce ungulu ba ta jewar banza. Allah ya jiƙan firiza. Ya yi maka biyayya fiye da kowa, shi ma sai da ya yi ta kuka ba a kula ba kafin ya haƙura.

Ka ce ƙaramin abu. Bari in tuna maka yadda aka yi ƙaramin abin, tunda kai kana taro a ƙasar waje lokacin. Ni na niƙa ganyen na fitar da zaren DNA. Ni na zaɓi sinadarin enzayim ɗin da zai yanka shi daidai gefen ƙwayar gadon, kamar almakashin da ya san inda zai ciza. Da wannan almakashin na buɗe filasmid, ɗan zoben DNA da bakteriya ke ɗauke da shi, don bakin wannan ya dace da bakin wancan. Na sa enzayim mai liƙi ya ɗinke su. Na jiƙa bakteriya a ƙanƙara, na tsoma ta a ruwan zafi don ta firgita ta haɗiye zoben. Na shimfiɗa ta a faranti mai magani, duk wadda ba ta haɗiye zoben ba sai ta mutu. Cikin waɗanda suka rayu, shuɗaye zobensu fanko ne, farare su ne masu kaya. Na yi ta samun shuɗi har na fara ganinsa a mafarki, ga cikin Auta ya tsufa, ina aiki a tsaye don kujerar ɗakin ba ta ɗaukata.

Ranar da fari ya fito na kira ka ina rawar murya. Ka ce, “To, ai girki ne, duk mai bin umarnin littafi zai iya.” Da takardar binciken ta fito, sunana yana can ƙasa wajen godiya, tare da direban da ya kai mu fadama.

Tunda girki ne, ga murhu ga tukunya, Farfesa. Wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Ka huta lafiya.
Mai yin sabulu

*

Uwar yara,

Gaisuwa. Na ga takardarki, na kuma ga har yanzu bakin nan yana nan yadda na san shi.

Hannu daban, kai daban. Wa ya dubi ciyawa a bakin ruwan gishiri ya ce akwai wani abu a cikinta? Ke a ranar ƙorafin sauro kike yi. Magini ba ya sa sunansa a kan gida don ya jera bulo.

Duk da haka na sauko na gwada, don kada ki ce. Akwai ragowar DNA na ganyen a wani tsohon bututu cikin durowata. Na sa farar riga, na yanka, na liƙa, na shimfiɗa. Faranti ya fito shuɗi fes kamar an zuba bula. Na sake, haka. Zaren ya tsufa ya gutsuttsure, ba laifin hannuna ba ne, ko ke ce ba za ki fitar da komai ba.

Ga abin da ban faɗa miki ba. Ina da ɗaliba mai neman digirin dakta, aikinta duka a kan sa wannan ƙwayar gado cikin shinkafa yake. Akwai manoman da gishiri ya cinye wa gonaki, na tsaya gabansu na yi musu alkawari. Yarinyar tana zuwa ofishina kullum ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai zaman makoki, ba ta da wani tunani nata sai abin da na ce. Idan ba don ni ba, ki yi don su.

Kuma ki sani bututun nan kayan jami'a ne. Ban so mu kai ga lauyoyi.

Farfesa

*

Baban yara,

Ina gaisuwa, ina kuma taya ka murnar gano inda ake rataye farar riga.

Na ga Gwaggon yara da ka turo min. Ta zauna a falona ta sha shayi, ta ce, “Haba ƙanwata, ko don albarkar 'ya'ya.” Na ce, “Yaya, ya ce a ba ni haƙuri ne?” Ta dubi kofinta ta ce, “Kin san halinsa.” Na ce na sani, shi ya sa nake da nawa falon. Ta yi dariya har ta ƙware.

Batun lauya kuwa, na hutar da kai. Na je jami'ar da ƙafata, na wuce ta gaban ofishinka, na ga an ƙara girman allon sunanka. Na zauna da shugabar sashen bincike. Ta ce jami'a ba ta da matsala idan aka ajiye zoben a ma'ajiyar filasmid ta jama'a, inda kowane mai bincike zai iya nema a aiko masa. Ta ma yi mamakin yadda abu mai daraja haka ya zauna a firiza ɗaya tak, don wani ba ya son kowa ya taɓa. Na farfaɗo da bakteriyar, ta tsiro lafiya, na tabbatar ƙwayar tana ciki, na aika. Da sunan jami'a, da sunan wadda ta haɗa.

Manoman ba su yi min komai ba, ba zan riƙe musu shinkafa don haushinka ba. Amma girman kai rawanin tsiya ne, ba ni zan naɗa maka shi ba.

Wassalam.
Uwar yara

*

Ke,

Ko gaisuwar ma da ƙyar. Kin san abin da kika yi? Kin ɗauki aikin rayuwata kin shanya a kasuwa. Yanzu duk wani ɗan koyo mai faranti da ƙanƙara zai riga ni. Mutanen da na ƙi ba wa ko da sun durƙusa, yau za su samu a akwatin gidan waya. Wai ni ma in rubuta in nema, in bi layi, a duba ko na cancanta!

Ki janye shi. Ki rubuta musu ki ce kuskure ne. Zan sa sunanki a takarda ta gaba, na biyu ma idan kina so. Ban taɓa yi wa kowa wannan tayin ba.

Farfesa

*

Baban yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba zan janye ba, ka riƙe gurbin na biyun, ka ba direba.

Ba sai ka bi layi ba. Ɗalibar nan taka da ba ta da tunanin kanta ta riga kowa nema, da sunanta, ba tare da ta tambaye ka ba. Nata ya iso, ta kira ni ta ce ya tsiro. Yana cikin ƙaramin firij ɗin da ke bayan ƙofar ɗakin gwajinka, makullin yana hannunta.

Ka je ka roƙe ta. Ka fara da sallama.

Auta tana gaishe ka.
Dakta